Rarar abincin bariki: ganima ce ko amana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni kofur ne, ni ke riƙe da siton abinci a wani bariki nan Kano. Tun da aka fara kwasar mutanenmu zuwa fagen daga a arewa maso gabas abinci yake rara, don ba a cire sunayen waɗanda suka tafi daga takarda ba, kuma ni nake sa hannu. Akwai kuma kason sababbin kuratan da saje yake hana wa cin dare in sun yi laifi. Ogana ya ce mu riƙa fitar da rarar ana sayarwa muna rabawa. Wani abokina mai karatu ya ce halal ne, tunda an yarda mayaƙi ya ci daga ganima kafin a raba. Ina bin alawus na wata huɗu, ga 'ya'ya biyar. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya tsare ku, ya yassare maka. Wanda bai damu ba, lodi kawai zai yi ya kai kasuwar Dawanau, ba zai tsaya tambaya ba.

Sayar da wannan abinci ku raba kuɗin haramun ne, gululu ne, wato ha'inci a ganima ko dukiyar jama'a, babu saɓani. Hadisin Adiyyu ɗan Amira a Muslim ya isa: wanda aka ɗora a kan aiki ya ɓoye ko allura ce, zai zo da ita ranar ƙiyama. Umarnin oga ba ya halatta haram.

Abin da ya fi tsaya min shi ne kalma huɗu da ka faɗa a wuce: "ni nake sa hannu". Ashe wannan ba rara ba ce. Rara ita ce a dafa wa mutum ɗari, su ci su ƙoshi, tukunya ta rage. Naku kuwa ana karɓo na mutum ɗari ne alhali saba'in ke nan, kuma sa hannunka ne yake jawo buhunan. Shaidar zur ce kake yi duk wata, ko da ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta shiga gidanka ba. Wataƙila ma kason na mutumin da yake kwance a rami can wajen Tafkin Chadi ne, yana jiran a biyo shi da shi.

Maganar abokinka kuwa, tushenta gaskiya ne, ɗora ta ne aka yi a inda ba ta zauna ba. Ibn Umar ya ce suna samun zuma da inabi a wurin yaƙi su ci ba tare da sun kai wa mai rabo ba. Abdullahi ɗan Mugaffal ya rungume jakar kitse ranar Khaibar ya ce ba zai ba kowa ba, Annabi (SAW) ya yi murmushi. A Risala ma, da muke karantawa a zaurukan garin nan, an ce babu laifi a ci abinci da harawa daga ganima kafin rabo ga wanda ya buƙata. To amma ka duba. Ganima dukiya ce da aka ƙwato daga abokan gaba a fagen fama. Shinkafar sitonka daga wa aka ƙwato ta? Da kuɗin jama'a aka saye ta, aka ƙirga, aka damƙa maka makulli. Sannan rangwamen na ci ne, ba na sayarwa ba. Shehu Halilu a Mukhtasar ya ce abin da ya rage, in yana da yawa, a mayar da shi. Kuma rangwamen ga mabuƙaci ne a wurin da babu kasuwa babu gida, ba ga wanda yake zaune a Kano ba. Ko da a ce ganimar ce ta gaske, ai a kanta aka saukar da ayar gululu. Mid'amu bawan Annabi ne, kibiya ta same shi, mutane suna masa barka da Aljanna, Annabi ya ce mayafin da ya ɗauka a Khaibar kafin rabo yana ci da wuta a kansa. Mayafi guda. Abin da ke ba ni tsoro a zamanin nan, duk wanda ya so cin dukiyar hukuma sai ya raɗa mata suna ganima, kamar canza wa kare suna yana mai da shi rago.

Alawus ɗinka haƙƙinka ne, wanda ya danne shi azzalumi ne. Malamai sun yi saɓani kan wanda ya samu damar cire haƙƙinsa daga dukiyar mai zaluntarsa, amma waɗanda suka yarda ma sun sa sharaɗin kada ya jawo wa kansa fitina ko zubar da mutunci. Kai kuwa amana aka ba ka, kuma cikin sojoji za ka taɓa, ba aljihun wanda ya riƙe kuɗinka ba. Ka bi shi ta hanyar ƙorafin da aikinku ya tanada, a rubuce.

Kason kuratan ya fi duka nauyi, domin masu shi suna nan, ka san fuskokinsu. Horo dole ne a aikin soja, Uhudu ta koya mana abin da barin wurin tsaro yake jawowa. A sa yaro tsallen kwaɗo, a ƙara masa gadi, a tsare shi gwargwadon laifinsa. Amma yunwa ba horo ba ce; a hadisi mace ta shiga wuta a kan kyanwar da ta tsare ta hana ta abinci. In abinci ya yi ƙaranci, shugaba yana da ikon taƙaita shi ga kowa da kowa, yadda Abu Ubaida ya yi da rundunarsa ta mutum 300 har ya kai dabino ɗaya a rana. Ba a taƙaita wa na ƙasa don na sama ya samu na sayarwa. Ka ajiye wa yaran nan kasonsu, ka yi wa sajen magana a keɓe, ba a gaban fareti ba.

Kada ka fito-na-fito da ogan, kai ƙarami ne kuma kana da iyali. Ka rubuta adadin da ke nan na gaskiya, ka riƙe kwafi a wurinka, don ranar da bincike ya zo sunanka ne a takarda, ba nasa ba. In an matsa, ka nemi a ɗauke ka daga sito. Abin da ka riga ka karɓa, in akwai, ka ƙiyasta shi ka mayar sito a hankali, ko kwano-kwano ne, ba sai ka tona wa kanka asiri ba. Allah ne mafi sani.