Dalilin da ya sa na hana ka ƙona ganyen gindin hashab

Toh ɗana, ka ce me ya sa na hana ka share ganyen gindin hashab, itacen ƙaron nan, ka cinna masa wuta alhali toka ma taki ce, kuma wai wa ke zuba wa daji taki da yake kore shar, dawarmu kuwa sai rawaya take yi. Amsarsu ɗaya ce.

Abin da ke sa ganye ya yi kore shi ne wani sinadari da ake kira naitirojin. Iskar nan da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari duk shi ne, amma itace ba ya iya jan sa daga iska, sai ya bi ta ƙasa. Gobe in ka je wurin renon dashe ka farke leda ɗaya ta hashab ko bagaruwa, ka wanke saiwar a hankali, za ka ga wasu 'yan ƙulu-ƙulu manne a jiki, ka fasa ɗaya da farce, in ka ga cikin ja-ja toh yana aiki kenan. Bakteriya ce zaune a ciki, wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, ita ke kamo naitirojin daga iskar da ke cikin ƙasa ta ba itacen, shi kuma ya ciyar da ita. Daga saiwa ya hau ganye, ganye ya faɗo, gara da tsutsa da sauran ƙwayoyin da ido ba ya gani su cinye shi, ruwan farko na sauka ruɓewa ta kankama, saiwa ta sake sha. Kamar adashe ne, kowa ya zuba kowa ya kwasa, kai kuma da ashanarka kana so ka gudu da kuɗin. Don wuta na ci, naitirojin ɗin hayaƙi yake bi ya tafi, tokar da ta rage tana da nata amfanin amma ba shi a ciki.

Shi ya sa manoman yankin Kurdufan na Sudan da ke kai ƙaro kasuwar garin Ubayyid suke noma gona 'yan shekaru, in ta gaji su bar hashab ya rufe ta shekara goma ko fiye suna tsagar ƙaro, sannan su sare su koma gero da riɗi. Ba lalaci ba ne wlh, hutun ne ke dawo da ƙarfin ƙasar. Gawo kuwa, wanda a Sudan ake kira haraz, shi da damina yake zubar da ganye, ga taki ga rana ta samu shiga, duba dawar gindinsa ka duba ta nesa.

Ita gona kullum kwashewa muke, hatsi ya tafi rumbu, kara ya tafi dabbobi, me aka mayar? Kuma naitirojin ba ya zama. A rairayi ruwa ke wanke shi ƙasa can, a baƙar ƙasa irin ta Gadarif a gabashin Sudan in ruwa ya kwanta sai ya koma iska ya fice. Yuriya, takin zamanin nan, kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, amma ka watsa ta a sama rana ta doke ta, wani kason ya bi iska, rufe ta ake yi.

Abu ɗaya dai, kar ka tura busasshen kara cikin ƙasa dab da shuka, ƙwayoyin da ke cin sa sai sun ari naitirojin ɗin ƙasar tukuna, shuka ta yi rawaya kafin su biya. Haɗa shi da kashin awaki ya ruɓe a rami tun da rani. Ganyen da ka riga ka tara kuma ka mayar gindin itatuwan ka baza, kar ya taɓa jikin itacen saboda gara.