Tambaya da Amsa: Ina zan kai ɗana ba tare da an ce ya haukace ba?

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 17 ya yi wata biyu ba barcin kirki, ba cin abinci, ya daina zuwa makaranta da filin ƙwallo, kullum yana ƙunshe a ɗaki. Dangin babansa sun ce iska ce, an yi ruƙiyya ba sauyi. Ina tsoron kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a ce ya haukace. Ya zan yi? (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon damuwa. Ma'aunin likitoci mako biyu ne: in ƙunci da rashin sha'awar komai suka wuce haka har suka hana mutum harkokinsa, lokacin ganin likita ya yi.

Ba dole ki fara da asibitin ƙwaƙwalwa ba. Yanki kati a babban asibiti mafi kusa. Likita zai fara duba jiki, don ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna kawo kasala irin wannan. In da buƙata sai ya tura ku sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Mafi yawan masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida a ranar, ba kwantar da su ake yi ba.

Kafin ku tafi, rubuta a takarda: yaushe abin ya fara, awa nawa yake barci, ko ya rame, da abin da ya faru kafin nan, rasuwa ce, faɗuwa jarrabawa ko cin zali. Layi yana da tsawo, lokacin likita kaɗan ne, takardar nan za ta taimake ku. Sannan in kun shiga wurin likita, ki fita ki bar shi da yaron su biyu na ɗan lokaci. Saurayi ba zai faɗi zancen tiramol, kodin ko wiwi a gaban mahaifiyarsa ba, kuma in likita bai sani ba magani zai kauce.

Akwai tambaya mai nauyi da ya kamata ki yi masa yau, cikin taushi: “Ka taɓa tunanin kashe kanka?” Tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyin gida, a tafi sashen gaggawa ba tare da jiran gobe ba.

Addu'a kuwa a ci gaba da yi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne duka, ɗauri ko gidan mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin mara lafiya daga irin wannan wulaƙanci.

Tambaya: Likita ya ba ni fluoxetine, maganin ciwon damuwa. Yau kwana 10, ba abin da na gani sai tashin zuciya. In daina? (Wata ɗaliba, Kano)

Amsa: A'a, ƙanwata, kada ki daina. Maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci har 6. Tashin zuciyar yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Ki riƙa sha da safe bayan kin karya. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan an ji sauƙi: sai mutum ya ajiye magani, ciwo ya dawo. Ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan warkewa, kuma likita ne zai tsara yadda za a janye.

Amma ga 'yan ƙasa da shekara 25, makonnin farko suna son sa ido. In kika ji rashin natsuwa mai tsanani, tunanin cutar da kai, ko kwanaki ba barci ba gajiya, ki koma asibiti nan take, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati. Kuma kada ki sayi ƙwayar barci a kemis ki haɗa da shi.