Intanet ɗin gida ya ɗauke kwana 11, kamfani ya ce ba ruwansa: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Kano, ina biyan wani kamfani naira 30,000 duk wata don intanet ɗin da suka ja mana da waya har cikin gida. Da shi nake sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp da Instagram. A watan da ya wuce sabis ya ɗauke kwana 11 cur. Na kira har na gaji, suka ce masu aikin titi ne suka tsinke musu waya. Da wata ya ƙare sai suka yanke ni, wai sai na sake biya, ko kwana ɗaya ba su ƙara mini ba. Na yi asarar ciniki sosai. Zan iya maka su a kotu su biya ni asarata? Ko in fallasa su a Facebook?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Kina da haƙƙi a kansu, amma haƙƙin da doka ta fi tsaya miki a kai shi ne na kwanaki 11 ɗin nan da kika biya ba ki mora ba. Kuɗin cinikin da ya kuɓuce miki magana ce daban, kuma ta fi wuya.

Biyan da kike yi duk wata yarjejeniya ce tsakaninki da kamfanin, ko da ba ki taɓa sa hannu a takarda ba. Kin ba da kuɗin kwana 30, an ba ki sabis na kwana 19. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye, ta ce a sashe na 130 duk wanda ya biya kuɗin wani aiki yana da haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, da ingancin da aka saba tsammani, kuma a sanar da shi idan za a samu jinkirin da ba makawa. In aka gaza, yana iya neman a gyara, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa daidai da gazawar. A lissafinki naira 1,000 ce kowace rana, wato kina bin su naira 11,000, ko kwana 11 a kan sabon biyanki.

Uzurin da suka kawo na tsinkewar waya mai yiwuwa gaskiya ne. Masu haƙa titi da magudanar ruwa da ɓarayin kebul sun addabi kamfanonin sadarwa, har ta kai a 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Kusan kowace yarjejeniya kuma tana da sharaɗin da ke sauke wa kamfani alhaki idan abin da ya faru ya fi ƙarfinsa. Irin wannan sharaɗi ne kamfanin MainOne, mai wayar intanet ta ƙarƙashin teku, ya jingina da shi bayan 14 ga Maris 2024, ranar da manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a yammacin Afirka. To amma a fahimtata, sharaɗin yana kare kamfani ne daga biyan diyyar ɓarnar da ta biyo baya. Bai halatta masa ya riƙe kuɗin sabis ɗin da bai bayar ba. Direban da gada ta karye a gabansa ba za a ce ya biya ki kasuwar da kika rasa ba, amma ba zai tafi da kuɗin motarki duka alhali ya sauke ki a rabin hanya ba.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ita ma tana kan wannan ra'ayi. A watan Mayun 2025 ta umarci kamfanonin waya da na intanet su riƙa sanar da jama'a duk wata babbar ɗaukewar sabis, da dalilinta, da lokacin da ake sa ran gyarawa. In aikin gyara ne da suka tsara da kansu, su sanar mako guda kafin lokacin. Idan kuma ɗaukewar ta wuce awa 24, su rama wa masu biya daidai gwargwado, misali ta ƙara musu kwanaki. Sai dai ki lura, umarnin ya yi magana ne a kan babbar ɗaukewa, irin wadda ta shafi ƙananan hukumomi biyar ko fiye, ko kashi biyar cikin ɗari na masu hulɗa da kamfanin. In layin unguwarku kaɗai abin ya shafa, za su iya cewa bai kai ba. Shi ya sa nake so ki kafa hujjarki a kan sashe na 130, umarnin NCC ya zama ƙari.

Batun asarar ciniki, gara ki ji gaskiya tun yanzu. Kotu ba ta ba da diyyar asarar da ɗaya ɓangaren bai san za ta iya aukuwa ba lokacin da aka ƙulla yarjejeniya. Tsarin gida kika saya, ba na kasuwanci ba, kuma da wuya a ce kin taɓa shaida musu a rubuce cewa sana'arki a kansa ta dogara. Alƙali zai kuma tambaye ki me kika yi don rage asarar, tunda kina iya sayen data a wayarki. Wannan kuɗin datar da kika saya a kwanakin, shi kam ki saka shi cikin abin da kike nema, domin yana da rasit kuma kai tsaye ya biyo bayan ɗaukewar. In kasuwancin ya bunƙasa, ki nemi tsarin 'yan kasuwa wanda ake rubuta alƙawarin ingancin sabis da abin da za a biya in an saɓa.

Abin da za ki fara yi shi ne rubutu. Kiran waya ba ya barin sawu. Ki aika musu wasiƙa ko imel, ki faɗi ranar da sabis ya ɗauke da ranar da ya dawo, ki haɗa shaidar biyan kuɗi, ki faɗi abin da kike nema ƙarara, ki ba su wa'adi, kamar kwana bakwai. Ki dage sai sun ba ki lambar ƙorafi, domin wannan lambar ce NCC za ta fara tambayarki. In maƙwabta ma abin ya shafe su, ku rubuta tare. Ƙorafin gida 20 ya fi na mutum ɗaya nauyi, kuma yana toshe bakin mai cewa rautarki, wato na'urar intanet ta cikin gidanki, ce ta lalace.

In wa'adin ya cika ba su yi komai ba, ki kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne. Kina kuma iya shigar da ƙorafi a FCCPC ta shafinta. Kafin nan ki duba jerin masu lasisi a shafin NCC ko sunan kamfanin yana ciki. Akwai masu sayen layi ɗaya su rarraba wa unguwa ba tare da lasisi ba, abin da dokar sadarwa ta 2003 ta haramta. In irinsu ne, haƙƙinki na yarjejeniya yana nan, sai dai matsin hukuma ba zai yi tasiri iri ɗaya ba.

Kotu tana nan, kuma Kano tana da kotun ƙananan basussuka tun 2019, inda ba dole sai da lauya ba. Amma ki sa ran lauyan kamfanin zai ce hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, yana kafa hujja da sashe na 138 na dokar sadarwa, ke kuma ki ce ai bashi ne na yarjejeniya zalla. Wannan gardama kaɗai tana iya cin watanni. A kan naira 11,000, ban ga ribar farawa da kotu ba, sai in kun haɗu da yawa.

Facebook kuwa, ba laifi ba ne ki faɗi abin da ya same ki. Ki tsaya kan ranaku da kuɗi da amsar da suka ba ki. Kada ki kira su ɓarayi ko 'yan damfara, don an sha tsare mutane a ƙasar nan saboda irin wannan rubutu, da sunan ɓata suna ko dokar laifukan intanet. Kuma kada ki goge hirarku ta WhatsApp ko ki sauya wayar da take ciki. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da aka ciro saƙon daga cikinta kafin kotu ta karɓe shi a matsayin hujja.