Me Ya Sa Ganyen Shinkafa Ke Tsufa Kafin Ƙwaya Ta Cika?

Wani manomi da ke noman shinkafa a fadamar kogin Galma, nan kusa da Zariya, ya aiko da tambaya. Ya ce bana shinkafarsa ta fid da kai lafiya ƙalau, amma ko mako biyu ba a yi ba ganyen sama suka koma rawaya suka bushe, da aka zo casa kuma ƙwaya ta fito shafal ba nauyi, alhali gonar maƙwabcinsa da suka haɗa iyaka tana nan kore shar. Yana so ya sani ko laifin iri ne.

Malam, tambayarka tana kan hanya, domin lokacin da ganyen shinkafa zai tsufa a rubuce yake cikin ƙwayoyin gadonta, wato abin da ke ɗauke da halayen da shuka ke gada daga iri. Tsufan ganye aiki ne da shuka ke yi da gangan. Idan zangarniya ta fito, shinkafa takan fara rushe koren sinadarin da ke cikin ganye da sauran abin da ta tara a can, musamman naitirojin, ta riƙa kwashe su zuwa ƙwaya, tana farawa daga ganyen ƙasa tana hawa sama. Rawayan da kake gani alama ce ta cewa an kwashe kayan ɗakin. Matsala tana zuwa ne idan kwasar ta riski ganye biyu ko uku na sama da wuri, musamman ganyen ƙarshe da ke tsaye kusa da zangarniya, saboda mafi yawan garin da ke cika ƙwaya su ne ke sarrafa shi da hasken rana a cikin kimanin kwana 30 da ke tsakanin fure da nuna. Idan suka mutu ƙwaya tana matakin madara, ba ta da inda za ta samo sauran cikonta.

Tun da aka kammala karanta jerin ƙwayoyin gadon shinkafa a 2005, masana sun gano da yawa daga cikin masu riƙe da wannan agogo. A 2007 aka bayyana ƙwayar gadon da ake kira SGR, mai buɗe ƙofar rushe koren ganye, kuma abin sha'awa shi ne ita ce dai wadda ke bambanta koren waken fis da rawaya a gwajin da masanin gadon halitta Gregor Mendel ya wallafa tun 1866. A shekarar ne kuma aka bayyana NYC1, mai aiki a kan wannan hanya. A 2014 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa wata mai suna OsNAP tana ɗaukar saƙon wani sinadari da shuka ke ƙara fitarwa idan ta shiga ƙunci, kamar na ƙishirwa, sai ta gaggauta tsufa. Da suka rage mata ƙarfi, ganye ya daɗe da rai, amfani ya ƙaru. Wani bincike na Koriya ta Kudu a 2020 ya nuna cewa shinkafar dangin indika, wato dangin da yawancin irin fadama da muke shukawa ya fito, tana kunna SGR da wuri fiye da ɗaya babban dangin, wato jafonika.

Wannan batu na OsNAP shi ne ya fi shafar gonarka. Agogon yana cikin iri, amma yunwa da ƙishirwa da cuta su ne ke tura shi gaba, kuma a gonakinmu su na fara zarga kafin in zargi iri. Ka koma ka tuna yadda rawayan ya shigo. Idan ya fara daga tsofaffin ganye, ya yi fari-fari bai ɗaya, ya fi tsanani a tudu-tudun gona inda ruwa ba ya zama, to ƙarancin naitirojin ne ko ƙishirwa. Idan bakin ganye da gefensa ne suka ƙone suka yi ruwan ƙasa, ka tuhumi ƙarancin fotash. Idan akwai ɗigo-ɗigo, ko tabo mai tsini biyu da toka-toka a tsakiya, ko zane mai bin gefen ganye daga sama zuwa ƙasa, wannan cuta ce, sai a kai ganyen ga malamin gona ya duba. Wanda yake daga iri shi ne wanda ya zo wa gona gaba ɗaya lokaci guda, a tudu da kwari, ganye tsaf ba tabo, kuma ya maimaita kansa a shekara ta biyu duk da an ba da taki da ruwa yadda ya kamata.

Sannan ka tambayi maƙwabcin naka wane iri ya shuka da kuma ranar da ya yi dashe. FARO 44, wadda manoma ke kira sipi, tana riga FARO 52 nuna, don haka idan kai sipi gare ka shi kuma mai dogon zango, ba abin mamaki ba ne taka ta yi rawaya tasa tana kore. Gwajin da zai raba gardama ba shi da tsada: baɗi ka karɓi mudu guda na irinsa, ka dasa layi kaɗan kusa da naka rana ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya.

Wani kuma daga wajen Shika ya tambaya ko ya dace ya riƙa zaɓar shukar da ta fi daɗewa da kore ya ajiye ta iri. Ana iya yi, domin shinkafa tana barbarar kanta ne, saboda haka 'ya'ya sukan ɗauko halin uwa. Sai dai kore iri biyu ne. Akwai shukar da SGR ɗinta ta lalace, ganyenta ya riƙe launi amma aikin sarrafa abinci ya ci gaba da raguwa kamar kullum, kore ne na ado kawai. Akwai kuma wadda tsufan ne ya jinkirta da gaske. Ido ba zai raba su ba a ganye, don haka a zangarniya za ka yi hukunci: ka murza ƙwaya a tafin hannu, ka duba ta ƙasan zangarniya wadda ita ce ke cika daga baya. Ka kuma kula kada ka zaɓi shukar bakin kunya ko wadda ta tsaya inda taki ya zube, domin koren nata na ƙoshi ne, ba ya bin iri. Idan irin ya riga ya cakuɗe, tsayi daban-daban, nuna daban-daban, gara a sabunta shi da ingantaccen iri. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja ita ce ke da alhakin shinkafa a ƙasar nan, kuma jami'an NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma da ke Samaru, za su iya nuna maka inda ake samunsa.

Na uku ya tambaya ko ya zuba yuriya da zarar ya ga rawaya bayan fid da kai. Ba na ba da wannan shawara. Ganyen da aka riga aka kwashe ba ya dawowa, kuma yuriya mai yawa a ƙarshe tana jinkirta nuna, tana sa shinkafa kwanciya, tana kuma buɗe wa cuta ƙofa. A raba yuriya kashi biyu, ɗaya lokacin da shinkafa ke 'ya'ya, ɗaya gab da ta ɗauki ciki, a kuma bar ruwa a gona har zuwa kimanin kwana 10 kafin yanka.