Amsa kan yadda za a gode wa malamai da iyayen da ke taya su aiki a aji

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce zango ya zo ƙarshe, kuna so ku nuna godiya ga malaman firamaren yaranku da iyayen da ke shiga aji suna taimakawa, kina tambaya ko ku yi karo-karo ku sayi atamfa da shadda. Na daɗe ina riƙe da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) a wata makarantar gwamnati da ke unguwarmu, bari in faɗa miki abin da na gani.

Atamfa ba laifi, amma ku fara duba waɗanda aka saba mantawa da su. Da wuya ki shiga firamare ba ki tarar da malaman sa-kai ba, matasa masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke koyarwa ba a ɗauke su aiki ba. Ɗan abin da PTA ke ba su a wata ko kuɗin mota ba ya isa. Ranar rabon kyauta kuma sai a tsallake su, don sunansu ba ya cikin jerin ma'aikata. Irin waɗannan, bayan ɗan abin hannu, ku sa hedimasta ya rubuta wa kowannensu takardar shaida mai hatimin makaranta, shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, ya sa hannu, a faɗi shekarun da ya yi da darasin da ya koyar. Duk ranar da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta buɗe ɗaukar malamai, yana da abin haɗawa da takardunsa. Wata malama da muka yi wa haka, har yau idan muka gamu maganar takardar take yi, ban taɓa jin ta ambaci turmin zanen ba.

Sai lokaci. Don Allah kada ku kai kyauta ana cikin jarrabawa ko kafin a raba sakamako. Idan ɗan mai kyauta ya zo na ɗaya, ko da ƙoƙarinsa ne, kun ja wa malamin zargi. Mu mun mayar da namu 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya da ake yi tun 1994. Lokacin an dawo sabuwar shekarar karatu, babu maganar maki.

Wajen karo-karo kada a yanka wa kowa adadi, kada kuma a aiki yara da kuɗin, balle a karanta sunan wanda ya bayar a aji. Yaron da uwarsa ke suyar awara ba zai manta da wannan kunyar ba. Ni ma a ganina kuɗin Laraba na makarantar allo ya fi mu dabara: kaɗan ne, amma ba ya yankewa. Alli, jan biro, gyaran bencin da ya karye, randar ruwa a ofishin malamai, waɗannan malami yana jin daɗinsu kullum, don da yawa daga aljihunsu suke saye.

Iyaye mata kuwa, masu raka 'yan ajin share fage bayi, masu bin gida-gida idan yarinya ta daina zuwa, yawancinsu ba kaya suke jira ba. Ku gayyaci mai unguwa da liman, a kira sunan kowace a gaban jama'a, a yi mata addu'a, a gode wa maigidanta da ya bar ta take fitowa. Wannan godiyar ta ƙarshe ita ke sa a bar ta ta dawo baɗi. Ku kuma tsara musu kwanaki, kada a bar mutum biyu da aikin duk mako saboda ba sa iya cewa a'a.

Idan kun zo rabon, ku sa maigadi da mai shara a lissafi. Allah Ya ba ku iko.