Ga ɗan'uwan da aka ga hoton faifai a wayarsa

Ɗan'uwa, ka ce yayanka ya ga hoton bangon faifan Cannibal Corpse, mawaƙan nan masu kiɗan metal mai tsananin ƙara, a wayarka, yanzu a gida ana cewa ka shiga ƙungiyar asiri, kana tambaya ko ka goge komai ka huta. Wallahi na san zafin nan. Ni abokin ɗakina ne a makaranta ya yi min, mutumin da muke cin tuwo a kwano ɗaya. Ina wanka ya buɗe wayata, ya tura wa kawuna hoton faifan Carcass, su ma mawaƙan irin wannan kiɗa ne. Ko tambayata bai yi ba. Da na koma hutu sai na tarar an taru a zaure, Inna tana kuka daga ciki, an kira malami ya yi min ruƙiyya. Ƙanwata ta daina kawo min abinci ɗaki, a bakin ƙofa take ajiyewa. Har yau in ya gaishe ni ina amsawa, amma raina bai sake da shi ba.

Kada ka yi jayayya da Yaya. Hotunan nan suna da muni, ko a Jamus sai 2006 aka bar Cannibal Corpse su rera waƙoƙin faifansu uku na farko a dandali. Cire su daga fuskar waya, ka sayi abin sawa a kunne.

In ya huce, ka bi da shi ta fim ɗin ban tsoro, wannan ya sani. Ƙungiyar mawaƙan Black Sabbath ma sunan wani fim ɗin tsoro na Italiya na 1963 suka ɗauka. Faifan farko na ƙungiyar mawaƙan Death, na 1987, finafinan gawarwaki masu tafiya ne suka cika shi. Su Carcass kuwa, da duk jinin da ke waƙoƙinsu, samarin Ingila ne da ko nama ba sa ci, daga littattafan likitanci suke tsinto kalmomi.

Amma kada ka ce masa duka wasa ne. Wasu 'yan Norway masu kiɗan metal sun ƙona coci-coci a farkon shekarun 1990, masu kiran shaiɗan kuma ni ba na sauraronsu sam. Ka riƙe jam'i, a riƙa ganinka a sahu. Kuma don Allah ka sa wa wayarka makulli, ko da wa kake kwana ɗaki ɗaya.