Wace manhajar ɗaukar bidiyon allo ce za ta fi dacewa da ma'aikatana?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin tsara shafukan intanet, mu biyar ne: uku a Kano, ɗaya a Abuja, ɗaya yana karatu a Malesiya. Taron Zoom ya gagare mu, ko netwok ya yanke, ko na Malesiya yana barci. An ce mu riƙa ɗaukar bidiyon allo muna tura wa juna. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, da tazarar awa 7 tsakaninku da Malesiya, shawarar da aka ba ki ta yi daidai. Amma kafin ki zaɓa, ki tuna da mai kallo: mafi yawanci a waya zai buɗe, da datar da ya saya da kuɗinsa.

Loom ce aka fi sani, wadda kamfanin Atlassian ya saya a 2023 kan kusan dala miliyan 975. Daɗinta, kina gamawa sai ta ba ki mahaɗi ki tura, mai kallo ya bar tsokaci a daidai daƙiƙar da bai gane ba. Sai dai ta kyauta ba ta wuce minti 5 a kowane bidiyo, bidiyo 25 kacal, ta biya kuma da dala ake biya. Tana kuma son intanet mai ƙarfi, don tana loda bidiyon ne yayin da kike magana.

Ni dai ga irin wutarmu da netwok ɗinmu, na fi karkata ga OBS Studio. Kyauta ce, ba iyakar lokaci, kuma a kwamfutarki take ajiyewa. Ranar farko za ta ɗan rikita ki, don an yi ta ne saboda masu watsa shiri kai tsaye. Ki sa girman hoton a 720p, ki rage hotunan zuwa 15 a daƙiƙa, fayil ɗin zai yi sauƙi sosai. Ki kuma zaɓi MKV a matsayin nau'in fayil ɗin da za ta ajiye bidiyon: in wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu, abin da aka riga aka ɗauka yana nan. Daga baya OBS ɗin da kanta za ta mayar miki da shi MP4.

In za ki tura ta WhatsApp, ki tura shi a matsayin fayil, domin in kin tura a matsayin bidiyo sai ya matse shi, rubutu ya dushe har ba ya karantuwa. Ki ƙara girman rubutun allo tun kafin ki fara ɗauka.

Sannan ki kashe sanarwa. Na taɓa kallon bayanin wani abokin aiki, ana tsaka da nuna kuskuren shafi sai ga saƙon banki ya faɗo da ragowar kuɗinsa, mu duka muka gani.